Fim Ɗin Ƙarshe Na George Romero: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

Cikin watan Satumba na 2009 wani dogon dattijo mai furfura da ƙaton tabarau ya sauka birnin Venice na ƙasar Italiya, inda ake yin bikin nuna finafinai wanda ya girmi kowane irinsa a duniya. Sunansa George Romero, shekarunsa 69 da haihuwa. Ya zo ne da sabon fim ɗinsa mai suna Survival of the Dead, kuma masu bikin suka karrama shi, suka sa fim ɗin cikin waɗanda za su yi takarar babbar kyauta, watau Zakin Zinariya. Wannan kuwa gata ne da ba a cika yi wa fim na ban tsoro ba, balle irin wanda gawawwaki ke tashi suna cin naman mutane.

Bayan wata takwas, ran 28 ga watan Mayu na 2010, aka fara nuna fim ɗin a gidajen sinima na Amurka. Gidaje 20 kacal suka ɗauka, kuma abin da aka tara a bakin ƙofa a ƙasar gaba ɗaya bai wuce kimanin dala 100,000 ba, alhali kuwa an kashe wajen dala miliyan 4 kafin a gama shi. Gaskiya ne an riga an fara sayar da shi ga masu kallo a gida tun wata guda kafin nan, amma wannan bai rufe asarar sunan da aka yi ba, domin yawancin masu sharhi a jaridu sun yi masa kaca-kaca. Romero ya ƙara shekara bakwai a duniya, bai sake tsayawa bayan kyamara ya shirya wani fim ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Abin da ya sa labarin ya zama abin dubawa shi ne, wannan dattijo shi ne ya ƙago irin dodon da ake kira zombi kamar yadda duniya ta san shi a yau, kuma a daidai lokacin da nasa fim ya faɗi, waɗansu suna can suna kwasar miliyoyi da wannan dodo nasa.

ASALIN ZOMBI

Kalmar zombi ta shigo sinima ne daga ƙasar Haiti, inda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suke zaune. A can akwai camfin cewa boka yana iya tono mamaci ya tashe shi, ya mai da shi bawa mai yi masa aikin gona, ba magana, ba gardama. Tun 1932 Hollywood ta yi fim a kan wannan, mai suna White Zombie. Amma waɗancan zombi ba sa cin kowa, abin tausayi ne su, maigidansu boka shi ne abin tsoro.

An haifi Romero ran 4 ga watan Fabrairu na 1940 a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya tafi karatu birnin Pittsburgh, ya zauna can yana shirya tallace-tallace na talabijin tare da abokansa. Da suka gaji da tallan sabulu da giya sai suka yi karo-karo, suka nemi ƙari wurin 'yan kasuwar gari, har kuɗi suka kai wajen dala 114,000. Da su suka ɗauki hayar wani tsohon gidan gona kusa da garin Evans City, suka yi fim marar launi mai suna Night of the Living Dead, watau daren da matattu suka tashi. Romero da abokinsa John Russo suka rubuta labarin, aka fara nunawa ran 1 ga watan Oktoba na 1968.

A cikin wannan fim babu boka, babu ubangida. Duk wanda ya mutu sai ya miƙe yana jan ƙafa, ba abin da yake nema sai naman mai rai. Wanda ya ciza shi ma zai mutu ya tashi, kuma ba ya kwanciya sai an fasa masa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙa'idodi su ne ake bi har gobe. Abin mamaki, ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar zombi a cikin fim ɗin ba, daga baya ne aka laƙa musu sunan ya bi su.

Wani abu kuma da ya girgiza 'yan kallo shi ne jarumin fim ɗin, Duane Jones, baƙar fata ne, a zamanin da ba a saba ganin baƙin mutum yana ba Turawa umurni a majigi ba. Ya kwana yana fama da matattu, shi kaɗai ya tsira, da gari ya waye sai 'yan sintiri fararen fata suka hango shi ta taga suka harbe shi, suka jefa gawarsa cikin wuta. Romero ya sha ba da labarin cewa suna cikin mota ɗauke da fim ɗin zuwa New York neman mai saye, suka ji a rediyo an kashe Martin Luther King. A shekarar 1999 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ƙasa za ta adana don tarihi.

KUSKUREN DA YA BI SHI HAR TSUFA

To, a nan ne ƙaddara ta gifta. Sunan da aka fara sa wa fim ɗin shi ne Night of the Flesh Eaters, kuma a ƙarƙashin wannan suna aka rubuta alamar haƙƙin mallaka. Kamfanin da ya karɓi aikin rarrabawa, Walter Reade, ya sake suna, ya cire allon farko ya sa sabo, amma aka manta ba a mayar da alamar ba. Dokar Amurka ta wancan zamani kuwa ta ce duk aikin da aka fitar ba tare da wannan alama ba ya zama na kowa da kowa.

Saboda haka fim ɗin da aka ƙiyasta ya tara wajen dala miliyan 30 a duniya, masu shi ba su ga kome ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kowane gidan talabijin na iya nunawa kyauta, kowane ɗan kasuwa na iya bugawa a kaset ya sayar. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Da a ce alamar nan ta zauna, da Romero ya shiga sana'ar da jarinsa a aljihu. Maimakon haka sai ya kwashe shekara arba'in yana bin masu kuɗi, kowane fim da nasa ubangidan.

Duk da haka ya ci gaba, kuma kowane fim na matattu da ya yi, akwai abin da yake zungura a cikin zaman jama'ar Amurka. A cikin Dawn of the Dead na 1978, wanda darektan Italiya Dario Argento ya taimaka wajen samo kuɗinsa, mutum huɗu suka ɓuya a wani katafaren rukunin kantuna a Monroeville, matattu kuwa suka yi ta tururuwa zuwa wurin domin sayayya ce abin da suka saba tun suna da rai. A cikin Day of the Dead na 1985, sojoji da masana kimiyya ne suke cin zarafin juna a wani rami ƙarƙashin ƙasa. An yi masa alkawarin dala miliyan 7 in ya yarda ya rage jini don hukumar tace finafinai ta sassauta, ya ƙi, aka rage kuɗin zuwa rabi. A cikin Land of the Dead na 2005, wanda babban kamfanin Universal ya ɗauki nauyi, attajirai suna zaune a dogon bene mai gadi, talakawa suna ƙasa cikin kwata, matattu suna ƙetare kogi suna koyon riƙe makami.

Bayan wannan ne ya ce ya gaji da katsalandan na manyan kamfanoni. Ya riga ya koma birnin Toronto na Kanada da zama, sai ya yi Diary of the Dead a 2007 da kuɗi kaɗan, wajen dala miliyan 2. Da yake jarin ƙarami ne, an ci riba, masu kuɗin suka ce a yi maza a ƙara wani. Haka aka haifi Survival of the Dead, cikin gaggawa.

LABARIN FIM ƊIN

Labarin ya faru ne a wani tsibiri mai suna Plum, wanda aka ce yana kusa da gaɓar jihar Delaware, ko da yake a lardin Ontario na Kanada aka ɗauki hoton. Gidaje biyu ne 'yan asalin ƙasar Ailan suke riƙe da tsibirin, gidan O'Flynn da gidan Muldoon, kuma sun gaji gaba tun kaka da kakanni. Da matattu suka fara tashi, sai gabar ta sami sabon dalili. Patrick O'Flynn ya ce duk wanda ya tashi a harbe shi a ka, ko ɗan wane ne. Seamus Muldoon ya ce sam, waɗannan 'yan'uwa ne da iyaye da 'ya'ya, a ɗaure su a ajiye har a sami magani, ko kuwa a koya musu cin wani nama da ba na mutum ba.

Muldoon ya fi yawan mutane, saboda haka aka kori O'Flynn daga tsibirin. Can a gaɓar teku ya riƙa yaudarar mutane ta intanet, yana kiransu su zo tsibirin aminci, in sun zo ya yi musu fashi ya tura su wurin abokin gabarsa. Cikin masu zuwa har da waɗansu sojoji da suka gudu daga bakin aiki, ƙarƙashin wani saje mai suna Crockett, wanda Alan van Sprang ya fito a matsayinsa. Tare suka ƙetara a jirgin fito, suka tarar Muldoon ya ɗaure matattu da sarƙa, kowa yana maimaita aikin da ya saba, mai kai wasiƙa yana ta sa takarda a akwati yana komowa. Baƙin da aka turo kuwa duk an karkashe su. Ita ma matar Muldoon tana ɗaure a ɗakin girki.

O'Flynn yana da 'ya'ya mata tagwaye. Ɗaya ta mutu ta tashi, tana ta sukuwa a kan doki cikin tsibirin. Muldoon ya kama ta ya kulle ta a shinge tare da dokin, yana jira ta cije shi don a tabbatar shi ne mai gaskiya. Kafin ta yi haka faɗa ya kaure, aka saki matattu, dattawan biyu suka harbe juna. Daga ƙarshe ta ciji dokin, sauran matattu suka taru suka cinye shi, amma a lokacin ba sauran wanda abin zai yi wa amfani.

INDA AKA SAMI TANGARƊA

Ƙorafi na farko da masu kallo suka yi shi ne fim na ban tsoro ne amma babu tsoro a ciki. Matattun da suka hana mutane barci a 1968 sun zama abin wasa. An cusa wa wani bututun kashe gobara a baki har idanunsa suka yo waje. An harbi wani da bindigar wutar alama, kansa ya kama da wuta, saje ya matso ya kunna taba a jiki. Romero da gangan ya yi haka, irin barkwancin katun na yara yake so, amma wanda ya biya kuɗinsa don gabansa ya faɗi ba dariya ya zo nema ba, kuma dariyar ma ba ta cika zuwa ba.

Na biyu shi ne jinin kwamfuta. A finafinan 1978 da 1985 akwai wani gwani mai suna Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga raunuka na gaske da idonsa. Da roba da fenti da kayan cikin dabba yake haɗa abin da zai sa mai kallo ya kau da kai. Irin wannan aiki yana cin lokaci, domin in aka fasa jakar jini a jikin ɗan wasa kuma hoton bai yi kyau ba, sai an wanke shi, an sake masa tufafi, an goge bango, sa'an nan a sake. Mai ƙaramin jari ba shi da waɗannan awoyi. Saboda haka a wannan karo aka ɗauki yawancin harbe-harben a bushe, daga baya aka zana jinin da kwamfuta, kuma da yake aikin mai araha ne, ido yana ganewa nan take. Masoyan Romero na tun farko wannan ya fi yi musu ciwo.

Na uku, tsibirin kansa bai shiga hankali ba. Romero ya faɗa cewa wani tsohon fim ɗin kaboyi na 1958 mai suna The Big Country, wanda William Wyler ya shirya a kan dattawa biyu masu gaba saboda ruwan shayar da shanu, shi ya ba shi sha'awa. Don haka sai ga mutanen tsibirin da dawakai da malafuna da igiyar zarge, suna magana da karin harshen Ailan kamar jiya suka sauka daga jirgi, alhali a ƙetaren ruwa ana amfani da intanet. Fim ɗin ya rabu uku, kaboyi da barkwanci da ban tsoro, kowanne yana jan nasa gefe.

Na huɗu, babu wanda mai kallo zai riƙe a zuciya. Saje Crockett ɗan fashi ne, domin a fim ɗin 2007 an ga lokacin da ya tare ɗalibai ya ƙwace musu kaya. Dattawan biyu kuwa kowa ya fi wani taurin kai. A 1968 mutum yakan manta ƙage ne, ya riƙa fatan Duane Jones ya ga safiya. A nan kuwa ko wa aka cinye, ba wanda zai ce wayyo. Bugu da ƙari, darasin da a da ake barin mai kallo ya tsinta da kansa, yanzu saje ne yake karanta shi da baki a farko da ƙarshe.

ABIN DA YA RAGE A CIKI

Amma fa ba a ce fim ɗin fanko ba ne. Tambayar da ke tsakiyarsa mai nauyi ce, kuma sauran masu irin wannan fim ba su cika tsayawa a kanta ba: in gawar da ke tafe ta ɗanka ce, hannunka zai iya? Tun farkon fim ɗin an nuna O'Flynn da mutanensa sun shiga wani gida, suka tarar iyaye sun ɗaure yaransu biyu da suka mutu a kan gado, sun kasa rabuwa da su. A wannan wuri fim ɗin ya yi shiru, kuma nan ne aka ga hannun tsohon gwani.

Haka kuma hoton ƙarshe. Bayan kowa ya watse, sai ga O'Flynn da Muldoon a kan tudu, dukansu sun mutu sun tashi, ga ƙaton farin wata a bayansu, kowa ya auna ɗan'uwansa da bindigar da ba harsashi, suna ta jan kunama. Romero ya ce fim ne a kan yaƙi da ƙiyayyar da ba ta mutuwa. Duk wanda ya taɓa ganin gidaje biyu suna shari'a a kan iyakar gona har waɗanda suka fara rigimar suka ƙare, jikoki suka ɗora ba tare da sanin mafarin ba, zai gane abin da dattijon yake nufi. Illa dai kyakkyawan hoto guda ba ya ɗaukar nauyin fim na minti casa'in.

KIƊA YA SAUYA

Ko da fim ɗin ya fi haka kyau, kasuwa ta riga ta yi gaba. A 2002 wani darektan Ingila, Danny Boyle, ya fito da 28 Days Later, inda masu cutar suke gudu kamar barewa. A 2004 Zack Snyder ya sake yin Dawn of the Dead da matattu masu gudu, ya tara fiye da dala miliyan 100. Romero bai taɓa yarda da wannan ba, yakan ce gawa ba ta gudu, in ta gwada idon sawunta zai karye. A watan Oktoba na 2009, wata guda bayan bikin Venice, Zombieland ya fito, shi ma ya haye miliyan 100. A watan Fabrairu na 2010 aka fito da sabon The Crazies, wanda Romero ne ya yi na asali a 1973, ya tara fiye da miliyan 50. Watau tsohon aikinsa a hannun wasu ya ninka sabon aikinsa a hannunsa sau ɗari da ɗoriya.

Sai kuma ran 31 ga watan Oktoba na 2010 aka fara wasan talabijin The Walking Dead, wanda ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kallo a Amurka. Babban mai haɗa fuskokin matattu a wasan, Greg Nicotero, a wurin Romero ya fara aiki, yana yaron Savini a fim ɗin 1985. An gayyaci Romero ya shirya wani sashe, ya ƙi, ya ce wasan kwaikwayon zaman gida ne kawai da ake ɗan yayyafa masa zombi. A 2013 World War Z na Brad Pitt ya tara fiye da dala miliyan 500. Daga nan, in ji Romero, ba wanda zai ba shi miliyan biyu ko uku ya yi ɗan ƙaramin fim mai magana a kan zaman jama'a, kowa gani yake sai an zuba ɗaruruwan miliyoyi. Ya so ya yi wasu finafinai biyu su biyo bayan Survival of the Dead, ba a yi ko ɗaya ba.

Masu kare shi suna tunatar da mutane cewa Day of the Dead ma an yi masa tofin Allah tsine a 1985, daga baya aka dawo ana yabonsa, har shi Romero yakan ce ya fi son sa cikin ukun farko. Mai yiwuwa ne wata rana a yi wa na ƙarshen irin wannan adalci, amma ga shi an haura shekara goma sha biyar, masu yabonsa ba su da yawa.

George Romero ya rasu a Toronto ran 16 ga watan Yuli na 2017, yana da shekara 77, bayan gajeriyar jinya ta ciwon daji na huhu. Iyalinsa suka ce ya cika ne matarsa da 'yarsa suna gefensa, ana sa masa kiɗan wani fim da yake ƙauna, The Quiet Man na 1952, wanda labarinsa ya faru a ƙasar Ailan, ƙasar kakannin dattawan nan biyu na fim ɗinsa na ƙarshe. Bayan wata uku aka kafa tauraro mai sunansa a titin girmamawa na Hollywood, garin da ya yi rayuwarsa yana nesa da shi. Night of the Living Dead kuwa yana nan a intanet, kowa ya ga dama ya kalla, ba ko sisin kwabo.